Baba, Rana Ba Ta Matso Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifinsa, Baba, na zo da amsar tambayar da ka yi mini a bakin gonarmu ta Tafoki, a shekarun fari.

Lokacin ina kwalejin horon malamai, na zo hutu. Ka yi shuka, ruwa ya ɗauke, gero ya ƙone tun yana ƙarami. Ka sake, ya sake ƙonewa. Ka ɗebo ƙasa ka murza, ka dube ni ka ce, "Lawal, ku da kuka yi boko, wai rana ce ta matso kusa? In ta matso ke nan har abada, hwaɗa mini in san abin yi."

Na san abin da kake nufi. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, motoci na kwasar samari daga Faskari da Ƙanƙara zuwa aikin gini a Kaduna da Ikko. Yaya Sani ya riga ya tafi, yana ta aiko saƙo ka sayar da gona ka biyo shi, ya samo maka gadi. Wani ɗan kwangila ma ya zo ya taka iyakarta, yana son saye. Na ce maka ban sani ba, ba a koya mana ba. Ka gyaɗa kai ka kaɗe hannunka.

Daga baya na koyar da labarin ƙasa har na yi ritaya, kuma ban daina bin maganar ba. Ga abin da na samu.

Rana tana inda take, amma ƙarfinta yana hawa yana sauka, kusan duk shekara goma sha ɗaya. In ta yi ƙarfi, baƙaƙen tabo kan fito a fuskarta, wani haske mai ƙuna da ido ba ya gani ya ƙaru. Can sama da gizagizai akwai rufin iska da ake kira ozon, shi ke tare mana yawancin wannan haske. Kuma hasken ne da kansa ke samar da rufin, don haka in rana ta yi ƙarfi yakan ɗan yi kauri, in ta lafa ya ɗan ragu. Wannan yana taɓa iskokin sama, yana taɓa yanayi, amma kaɗan. Farinmu kuwa, masana sun fi danganta shi da teku: ɗumin ruwanta ya sauya, iskar da ke kawo mana damina ta kasa isowa da ƙarfinta.

Kai dai ba ka jira masana ba. Irinka ya ƙare, ka tafi Ruwan Godiya a ƙasa, wajen abokinka Ɗantani Bamaguje, wanda kuka yi kiwo tare kuna yara. Ya buɗe rumbunsa ya ba ka damin gero daga abincin iyalinsa. Ka gaya mana abin da ya ce: "Malam Audu, in ta yi ka kawo mini hura, in ba ta yi ba mun sha rana tare."

Ka sayar da shanun huɗa biyu muka ci, ka koma fartanya kana da furfura. Na ga tafin hannunka ya tsage, Inna tana shafa maka man shanu kana ce mata ta bar wa yara. Shukar nan ba ta cika rumbu ba, amma ta kai mu wata damina. Ɗan kwangila ya dawo, ka ba shi ruwa ya sha, ka raka shi bakin hanya.

Yaya Sani ya dawo gida bayan aikin gini ya tsaya, shekara guda da rasuwarka. Gonar ya tarar, ita ta riƙe shi da 'ya'yansa. Yanzu ya tsufa, ba ya iya sunkuyo, amma kullum sai an kai shi ya zauna a gindin ɗorawa yana yi wa jikoki faɗa kan tazarar shuka. In ya ɗaga murya, Baba, sai in juya, don taka nake ji.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Ya yalwata maka kabari, Ya shayar da kai daga tafkin Annabi, Ya haɗa mu inda babu ƙishirwa. Amin.

Ɗanka,
Lawal