Ƙafar Mai Aski

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya ciwon bayan nan naki? Mu nan sai dai in ce garau, don a gidan nan yanzu ba a yarda mutum ya faɗi wata kalma ba sai ita. Ki yi haƙuri da tsawon takardar, ba ni da wanda zan juye wa cikina sai ke.

Kin san tun da likita ya ce Baban yara yana da ciwon suga ya shiga wani hali. Mutumin da yake wuni tsaye a shagon aski yana zuba surutu, sai ya koma kamar an ɗinke masa baki. Ana haka wani mai zuwa aski wurinsa ya ja shi cikin ƙungiyar masu tattakin safe, wadda wani tsohon malamin wasanni yake jagoranta, suna ce masa Kyaftin. Yaya, tsakani da Allah da farko na ji daɗi. Ya bar lemon kwalba, ya daina zuba sukari a shayi kamar mai kwaɓa siminti, tumbin nan da kike yi masa tsiya kina tambayar yaushe ne haihuwa, ya tafi. Gari na wayewa zai ɗaura takalmi ya fita, ya dawo yana zufa yana dariya. Har na fara cewa Allah ya dawo mini da mijina.

Ashe ba tattaki kaɗai Kyaftin yake koya musu ba. Wai cuta baƙuwa ce, wanda ya kira sunanta shi take sauka wa. Wai baki shi ke yanka wuya, saboda haka ɗan ƙungiya ba ya cewa ya gaji, ba ya cewa wani wuri na yi masa ciwo, ko me aka tambaye shi amsar ita ce garau. Mutumin naki kuwa kin san shi, in ya kama abu ba ya kama shi da wasa, sai ya kwaso dokar ya kawo mana gida. Ranar da Auta ta ce kanta na ciwo sai da ya sa ta tsaya gaban madubi ta ce wa kanta lafiyarta ƙalau. Ni kuma ya raɗa mini suna Uwar Ƙorafi.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ƙungiyar ta ba shi kyautar takalmin kambas saboda bai taɓa fashi ba. Fari tas, mai kyau, amma ya yi masa kaɗan, da idona na ga yana cusa diddige da bayan cokali. Na ce a kai a canjo, ya ce ba a mayar da kyautar girmamawa, takalmi ai yana saki. Shekaranjiya ina wanki na ga safarsa ta dama ta daskare da jini. Na matsa masa ya nuna mini ƙafar, sai ga ƙarƙashin babban yatsa ya ɗaye, ya yi rami kamar faɗin murfin kwalba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ko kaɗan ba ya jin zafi. Shi kuwa murna yake yi, wai na gani ko, zuciya ta fi ƙarfin jiki.

Ki ba ni shawara, don ni gabana faɗuwa yake yi. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Uwar Ƙorafi, tunda haka ake kirana yanzu

*

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, na gode Allah da na ji bayan ya yi sauƙi. Yaya yaran da makaranta?

Na bi shawararki na je wurin matar nan mai kemis na kwatanta mata ciwon. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni. Ta ce rashin jin zafin nan shi ne cutar, suga ne yake kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya taka ƙusa bai sani ba. Ta ce ya daina tattaki yau ɗin nan, a kai shi asibiti, ita ba za ta ba ni komai ba sai bandeji. Na dawo na faɗa masa tiryan-tiryan. Ya saurare ni har ƙarshe yana murmushi, sannan ya ce ita ai da cutar mutane take cin abinci, dole ta ga cuta ko'ina.

Da na ga ba ni da mafita sai na yafa mayafina na bi su filin da suke taruwa. Ba zan yi wa Kyaftin ƙarya ba, ya karɓe ni da mutunci. Ya ce shi bai taɓa hana kowa zuwa asibiti ba, kuma zai yi wa Baban yara magana. Na dawo gida da ɗan sanyi a raina. Kin san irin maganar da ya yi masa? Washegari ya fito da shi gaban jama'a ya ce a dubi namiji, ga rauni a ƙafa amma bai taɓa makara ba, har iyalinsa ta zo tana tsoro shi bai karaya ba. Suka yi masa tafi. Ya dawo mini yana ta washe baki kamar wanda aka ba sarauta. Ni da na je neman magani, sai na ƙaro wa wutar itace.

Yanzu ƙafar ta kumbura har idon sawu, yatsan ya yi baƙi, ga wari. Gwano ba ya jin warin jikinsa, amma masu zuwa aski suna ji. Mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da shagon ya gaya mini tsofaffin masu zuwa askin sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya faɗa masa dalili. Shi kuma turare yake ƙara fesawa, ya tsaya kan ƙafar tun safe har magariba.

Na ɓoye takalmin a bayan buhun gawayi. Ya nemi abinsa ya rasa, ya zura silifas ya fita a haka, ya dawo bandejin ya yi baƙi ƙirin da ƙasa. Tun ranar ya daina cin abincina, wai ni ce nake jawo masa mugun abu da bakina. Yaya, wannan maganar ta ci mini rai. Shekara da shekaru ina tare da bawan Allahn nan, yau ni ce mai yi masa mugun fata? Na yi kuka har na gode Allah. Na fito masa da takalmin na ajiye, don gara shi da silifas.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na turo masa wansa, duk a banza. Wallahi na gaji. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Ƙanwarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Da fatan kuna lafiya. Daga asibiti nake rubuto miki, a kan benci, ki yi haƙuri da rubutun.

Abin da nake gudu ya faru. Yana cikin yi wa wani aski, ya yi rabin kai, zazzaɓi ya kayar da shi a gindin kujera, injin askin yana ta kuka a hannunsa. Mai gyaran waya ne ya tara mutane suka kawo shi nan. Ko da na iso da yaran, likita yana tambayarsa yadda yake ji, shi kuma haƙora na kaɗawa yana ce masa garau. Da nas ta warware bandejin sai da ta juya ta ce in fitar da yaran waje.

Likitan mutum ne mai sanyin magana, amma bai ɓoye mana komai ba. Ya ce da tun farko aka zo, wanki da magani da hutu sun isa. Da an zo daga baya kaɗan, yatsa kawai za a cire. Yanzu ruɓar ta hau, sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba za ta shiga jini ta tafi da shi. Baban yara ya ƙi sa hannu. Ya ce shi mai aski ne, a tsaye yake cin abinci, in an cire ƙafar an cire shi.

'Yan ƙungiya sun zo da ledar lemo da ayaba, suka kewaye gado suna ce masa jarumi. Kyaftin ya tsaya daga bakin ƙofa. Na ga lokacin da warin ya kai masa, na ga fuskarsa ta canja, ya sunkuyar da kai. Na so in wanke shi tas a gaban mutanensa, amma me zai ƙara mini? Bai sake dawowa ba, sauran ma haka.

Ni ce na durƙusa a gaban gadon. Na ce masa na yarda ni Uwar Ƙorafi ce, amma gara in tura shi a keken guragu har ƙarshen rayuwata da in riƙe marayu. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya miƙo hannu aka ba shi biro. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ko a rasuwar mahaifinsa bai yi kuka a gabana ba. An yi aikin jiya, ya farfaɗo. Ya ɗaga bargo ya duba, ya mayar, ya juya fuskarsa ga bango.

Ba na jin na yi nasara, Yaya. Gaskiyata ta fito, amma ina amfaninta?

Ƙanwarki

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yaran? Na gode da saƙon da kika aiko, Allah ya bar zumunci. Har yanzu muna asibiti.

Ya yi kwanaki ba ya magana, abinci sai na yi da gaske. Sai wani abokinsa kafinta ya zo dubiya, ya ce ai ba a rubuta dole mai aski ya tsaya ba, zai ƙera masa doguwar kujera mai taya da zai riƙa zagaya kan mutum a zaune, in ya so ya dafa ƙasa da ƙafar hagun. Yaya, kamar an kunna fitila. Ya sa na kawo masa injinsa daga shago, ya jingina da matashi ya yi wa tsohon da ke gadon kusa aski, ɗakin ya cika da dariya. Ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa, daga yau abin da na gani in faɗa masa, zai ji. Ya ce Allah ya bar masa ɗaya, kuma ɗaya ta ishe shi ya ciyar da mu.

Da yamma ina goge masa ƙafar hagun da tsumma, sai na ji ta da sanyi kamar randa. Na buɗa tsakanin ƙananan yatsun, na ga tabo baƙi, ɗan ƙarami. Na ja bargo na rufe, na fita na kira nas, ita kuma ta kira likita. Ya daɗe yana danna bayan ƙafar yana neman bugun jini. Baban yara yana ta ba shi labarin kujera, ya ɗauka dubawar yau da kullum ce. Likita ya yafito ni waje. Ya ce jini ba ya isa ƙafar yadda ya kamata, za su yi iya ƙoƙarinsu, amma ba zai yi mini alkawari ba. Ya ce dole a sanar da shi kafin gwajin da za a yi, ko in faɗa masa da kaina ko shi ya faɗa. Na roƙe shi ya bar mini.

Na koma na zauna a gefen gadon na buɗe baki, sai ya riga ni, yana tambayata wane launi ya kamata a shafa wa kujerar. Na ce shuɗi. Yau ma na gwada, na kasa. Gobe kafinta zai zo ya auna tsawon ƙafar tasa.

Don girman Allah ki bar wa maigidanki yaran ki taho. Yana jin nauyinki, kuma ke kin iya magana. Ki zo ki zauna kusa da ni a faɗa masa, don ni kam bakina ya ƙi.

Ƙanwarki mai jiran isowarki