Lakar Bakin Gwauruwa

Litinin, 4 ga Maris

Shekara ashirin da biyu da ambaliyar da ta tafi da gadar coci, ba a taɓa hana mu kamun ƙaguwa ba sai yau. Wata Dakta Ivone ta zo daga birni da na'urar auna guba, ta kafa jajayen tutoci tun daga magudanar tsohuwar masana'antar baƙin yashi har tsibiri. Wai gubar nukiliya. Na ce teku na wanke gaɓar nan sau biyu a rana. Ta ce, "Ruwan lafiya lau, Baba Anacleto. Laka ce ta riƙe gubar." Yarinyar da ko kwalekwale ba ta iya shiga!

Laraba, 6 ga Maris

Abokina Zeferino ya ce, "Tsoho, a gwada na'urar a bakinka mana, ai ya fi lakar dafi." Ɗan banza.

Asabar, 9 ga Maris

Gaɓar Bakin Gwauruwa kaɗai aka bar mana. 'Yata Dalva ta tafi can tun safe, da tsohon cikinta, hannu a ramin ƙaguwa har kafaɗa.

Lahadi, 10 ga Maris

Na ga taswirar daktar. Ni da ban shiga aji ba na san ƙarya ce. Magudanar ba nan take ba a da. Kafin ambaliya ta bayan coci take fita, ruwan kuma ya kwashe lakarta ya jibge a Bakin Gwauruwa. Da idona na gani, baƙa wuluk. Duk waɗanda suka gani tare da ni sun mutu.

Ba ta tambaye ni ba. Me zai sa in faɗa? A kafa tuta a can, mu ci me?

Talata, 12 ga Maris

Dalva ta dafa ƙaguwa da garin rogo. Na ce cikina ke ciwo. Ta ce, "Baba, yaushe ka fara ƙin abincina?" Ta zauna ta cinye nawa ina kallo. Na daka mata tsawa kan gishiri.

Laraba, 13 ga Maris

Waɗanda suka zuba abin suna can birni suna cin nama. Allah ya isa.

Daktar za ta koma jibi. Gobe da safe zan fitar da kwalekwale zuwa Bakin Gwauruwa kafin ruwa ya janye, in duba ko yana yoyo. Ta ƙofar masaukinta zan bi. In ta ga dama ta ɗauko na'urarta.