Mai Watsa Iri a Bangon Paris

Zuwa ga mahaifina Malam Habu, wanda ya riga mu gidan gaskiya damina biyu ke nan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji. Ɗanka ne Lawali, daga ɗan ɗakina na Villeurbanne, gefen birnin Lyon. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma kwana huɗu ke nan na kasa zama wuri ɗaya, kuma kai kaɗai ne za ka ji maganar nan har ƙarshe ba ka katse ni ba.

Zancen gonarka ne, ta jigawa. Yaya Hadiza ta aiko mini kaset ta hannun wani ɗan Damagaram. Bayan kowa ya yi gaisuwa, har ina jin tarin Inna daga baya, sai ta ce Baffa Idi ya yanke magana: gonar ba za ta ƙara damina ba a noma ta ba. In ban dawo kafin ruwan shuka ba, zai ba wani aro. Kai ma ka san aron gona a garinmu, Baba. Wanda ya shiga ba ya fita sai an kai gaban mai gari, wani lokacin ma ko an kai. A satin ne kuma wani kamfanin ruwa na nan ya miƙo mini takardar aiki, ya ce in sa hannu kafin ƙarshen wata.

Da wannan a raina na tafi Paris sabunta fasfo. Abokina Isa, da ke aiki can, ya ga ina ta kai da komo kamar kaza mai neman wurin ƙwai, sai ya ja ni gidan da ake rataye zane-zane. Wai nan Turawa ke zuwa in ransu ya ɓaci. Na ce to, mu je mu ga abin da bango zai yi mini.

A ɗaki na uku ko na huɗu na ci karo da gona. Ga rana ƙatuwa, rawaya, ta cika rabin sama. Ƙasar kuwa shuɗi-shuɗi da ja-ja, fentin ya yi tudu-tudu kamar yaɓen ɗaki. A tsakiya mutum ɗaya da jaka a kafaɗa, yana watsa iri da hannu, tsuntsaye na sauka a bayansa.

Wallahi Baba, raina ɓaci ya yi. Ba sungumi, ba rami, ba mai rufewa da diddige, iri kawai ake ba tsuntsu sadaka! Ban san lokacin da na ɗaga murya da Hausa ba, ina tambaya ko wa ya koya wa wannan bawan Allah shuka. Isa ya ja mini riga. Wata tsohuwa da ke gefenmu ta so jin abin da na ce, shi kuma ɗan tonon asiri ya fassara mata. Ta yi dariya har da riƙe sanda, ta ce ai alkama ce, haka ake watsa ta sannan a ja ƙasa a kai. Ni da na yi shekara bakwai ina karatun ƙasa da ruwa! Na sani sarai a littafi, idona na gida ne ya riga ni magana.

Tsohuwar ta ce mai zanen baƙo ne a ƙasar da ya zana, ba shi da lafiya, kuma cikin gonaki kaɗai kansa ke lafawa. Ta ce mai watsa irin alama ce ta rai da ke dawowa bayan mutuwa. Wataƙila haka ne. Ni dai kai na gani.

Na gan ka da sassafe bayan ruwan farko, kana gaba da sungumi, kana sara kana tafiya ba ka ko duban ƙasa, amma layinka bai taɓa karkacewa ba. Ni da Yaya Hadiza muna biye da ƙwarya. In na cika hannu sai ka ce, ba tare da ka waigo ba, “Kaɗan-kaɗan, Lawali, ba fura kake damawa ba.”

Na tsaya gaban zanen nan har ƙafafuna suka yi tsami. Tun ranar da na ji kaset ɗin, sai a lokacin ƙirjina ya saki.

Ga inda nake ta kewayawa, Babana. Na hau jirgin ƙasa na dawo Lyon, ran Litinin na sa hannu a takardar aikin. Ba wanda ya tilasta mini. Zan iya ce maka babu aiki a gida, kuma gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Tsoro na ji. Tafin hannuna ya yi laushi, kuma na saba da nan fiye da yadda nake faɗa wa mutane.

Na sayo ƙaramin hoton zanen, na manna bisa teburina. In na dube shi hankalina yana kwanciya, kuma wannan ne ke ba ni kunya. Gona ce da ba ta neman gumina, shi ya sa nake iya sonta haka.

Inna ba ta sani ba tukuna. Sau uku ina kunna rakoda don in ba mutanen gida amsa a kaset, ina gama gaisuwa sai in kashe. Gobe dole in ƙarasa, domin mai tafiya gida jibi zai tashi.

Ka yafe mini, Baba. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya ba Inna haƙurin jin abin da zan faɗa. Wanda kuma zai shiga gonarka bana, ko wane ne shi, Allah ya ba shi ruwa a kan kari, ya sa ya san gonar wa yake takawa.

Ɗanka da bai dawo ba,
Lawali