Na Ce Ban San 'Yata Ba

Anti Huseina, don Allah ki taimake ni, abin nan yana cina.

Ni 'yar kasuwa ce a Singa, gidanmu a Fagge. Kakannina daga Ogbomosho suka zo, amma ni a nan aka yanke mini cibiya. Maigidana ya rasu, 'ya ɗaya Allah ya bar mini, Rofiat. Kwamfuta ta karanta, irin masu haɗa manhajar waya. Ita da abokin karatunta Chinedu sun buɗe ɗan ofis a Sabon Gari, bai shekara ba suka rufe. Yau takardar harajin allon talla, gobe ta wurin sana'a, aikin kuwa babu. Chinedu ya tattara ya tafi Legas, inda Rofiat ta ce can kamfanonin kwamfuta suka taru.

Ashe wani kamfani a can ya ɗauke ta aiki, saura a zo a tabbatar da wanda zai tsaya mata. Sunana ta ba su, ba ta faɗa mini ba, wai sai magana ta tabbata. Wata Talata sai ga mutum a shagona da fayil, kati rataye a wuya, yana tambayar Rofiat mai ofis. Kin san mu a kasuwa, mai fayil ba a sakin baki a gabansa. Na ɗauka 'yan haraji ne suka biyo ta. Na dubi idonsa na ce ban san ta ba, maƙwabta suka taya ni. Ya rubuta, ya tafi.

Sun janye aikin. Sai da ta karanta mini saƙonsu tana kuka na gane. Wata biyu ke nan, ta rame, tana cewa wani maƙiyi ne ya yi mata. Abin da ya fi ba ni kunya, Anti, can ƙasan zuciyata na ji daɗi da ba ta tafi ba. In faɗa mata?

Wata uwa daga Fagge

Hajiya, sannu. Kare 'yarki kika yi niyya, ita ma da laifinta da ta ɓoye miki. Daɗin da kika ji kuwa tsoron kaɗaici ne, kowace uwa ta san shi.

Amma ki duba: ke ma ana karɓar haraji a hannunki a Singa, me ya hana ki kwashe kaya ki koma Rijiyar Lemo? Masu saye a Singa suke. Haka sana'arta take. Haraji ya takura mata, amma ko an yafe shi, inda gwanaye da masu zuba jari suka taru can aikin yake.

Ki faɗa mata a makon nan, ku biyu kaɗai, kafin ta ji a bakin 'yan kasuwa. Sannan ku rubuta wa kamfanin bayani, ki sa hannu. Wataƙila su saurara, wataƙila sun wuce wurin. Za ta yi fushi, ki bar ta ta yi. In ta tafi da albarkarki za ta riƙa dawowa gida. In kuwa a waje ta ji, za ki rasa ta alhali kuna cin tuwo a kwano ɗaya.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya buɗa wa Rofiat.

Anti Huseina