Katin da Ba Shi da Lamba

Litinin, 6 ga Maris, 2006

Rhoda Kambai ta tafi Kagoro yau, jikin babanta ya tsananta. Kafin ta wuce tasha ta biyo ta gidanmu a Maikunkele da kwalin takalmin nan nata a hammata, wanda take tara katunan bincikenta a ciki. Wai ɓeraye sun addabe ta a ɗaki, in ajiye mata. Ta ce in ina so in duba na littattafan, tunda aikinmu kusan ɗaya ne. Haka ne kuwa. Mu biyu digiri na biyu muke yi a jami'a, a Gidan Kwano, duk a kan ajiyar doya, ita rumbunan manoman Garatu, ni asarar 'yan kasuwa. Kuma malami ɗaya ke duba aikinmu, Dokta Ndakotsu.

Shi ya ɗora mana wannan wahala ta kati. Ba ya karɓar bayani a littafin rubutu. Kowane littafi da ka karanta da katinsa: marubuci, suna, shekara, sai lamba a kusurwa. Kowane bayani da ka ciro shi ma da nasa katin, abu ɗaya tak, lambar littafin da shafin a sama. In tunaninka ne, ko abin da ka gani da idonka, ba ka sa lamba. Tun ranar farko ya ce mana, "Kati mara lamba naka ne, kai za ka amsa shi."

Na buɗe kwalin bayan la'asar. Kowane babi an ɗaure shi da robarsa, a jere tsaf. Rhoda sai ka ce a laburare aka haife ta. Nawa katunan suna cikin leda tare da ɓawon gyaɗa.

Alhamis, 9 ga Maris

Kwana uku ina kwafa. Na je Bosso aka yanka mini farin kwali daidai tafin hannu. Da farko na ce na littattafai kawai zan ɗauka, amma da hannuna ya ɗau zafi sai na bi babinta na biyu gaba ɗaya, kati bayan kati, wasu ma ban tsaya na fahimce su ba. Ko sunanta ban rubuta a jiki ba, don me, ai na san inda na samo.

Nna, mahaifiyata, ta leƙo ta ga tabarma cike, ta ce ashe karta aka tura ni jami'a in koyo.

Asabar, 18 ga Maris

Baban Rhoda ya rasu. Na kira, muryarta da ƙyar take fita. Sai bayan Ista za ta dawo.

Laraba, 29 ga Maris

Saura kwana takwas in gabatar da takardata a semina, kuma duk abin da nake da shi maganar mutane ce. Wane ya ce, wance ta ce. Na baje katunan ina jera su, sai ga guda ɗaya ba lamba. Rubutuna ne, da shuɗin birona. Ma'anarsa ita ce: a rumbu goma sha ɗaya da aka duba a Garatu, doyar da aka tono da sassafe aka kai inuwa kafin hantsi ta fi daɗewa ba ta ruɓe ba, ko da iri ɗaya ce, rumbu ɗaya. Ba ginin rumbun ba ne, lokacin tonon ne.

Na daɗe ina kallonsa. Rubutuna ne, ba shi da lamba, bisa dokar Dokta nawa ne ke nan. Kuma ni ma ai na sha yin tunani mai kama da haka, ina jin na sha yi.

Sau ɗaya na taɓa zuwa Garatu. Shi ma doya Nna ta aike ni saye.

Na sa shi a shafi na bakwai.

Alhamis, 6 ga Afrilu

An yi seminar. Da na zo shafi na bakwai har masu hira a baya sai da suka ɗago. Dokta ya cire tabarau ya ce, "Wannan daga wane littafi?" Na ce, "Mara lamba ne, Malam." Ya yi murmushi. Shekara ɗaya da rabi ina ƙarƙashinsa ban taɓa ganin haƙoransa ba sai yau.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye wa takarda ba. A bas ina dawowa har waƙa nake yi a zuci. Baba ya sa aka yanka kaza, ya gaya wa abokan hirarsa na ƙofar gida cewa 'yarsa ta gano abin da Turawa ba su gano ba. Na ci cinya ɗaya na ce na ƙoshi.

Litinin, 24 ga Afrilu

Rhoda ta dawo. Ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa. Ta ce a zaman makoki, don kada ta haukace, ta zauna ta rubuta babinta na huɗu da ka, ba kati ko ɗaya a gabanta, yau ta miƙa wa Dokta. Na ce mata sannu da ƙoƙari. Ta ce in kawo mata kwalin ranar Juma'a, ba gaggawa.

Tun da ta ce babi na huɗu na san shi ne na abin da ta gani a rumbunan Garatu.

Laraba, 26 ga Afrilu

Abin ya faru. Dokta ya kira ta ofis, ya ajiye babinta kusa da takardata. Magana ɗaya, kusan kalma da kalma. Ni na riga gabatarwa a gaban jama'a, ita ba ta nan, saboda haka ita ake tuhuma. Ya miƙa maganar ga kwamitin sashe, za su zauna ranar 11 ga Mayu. In suka ce kwafa ta yi, shi ke nan, korarta za a yi, shekara biyu ta tafi a banza.

Ta same ni a ƙarƙashin bishiyar da muke jiran bas. Na shirya ta zage ni. Sai ta ce, "Raliya, ashe ke ma kin lura da wannan abu? Yaushe kika je Garatu?" Na ce kwanakin baya. Ta ce, "Ba komai, kada ki damu. Katina yana cikin kwali, da kwanan wata da sunan tsohon da ya zagaya da ni. Zan nuna musu kowa da ƙafarsa ya gano."

Ita ce ke ce mini kada in damu.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Na same shi. Yana cikin babi na biyu, inda ta sa shi bisa kuskure, shi ya sa na kwafe shi da sauran. Da fensir ta rubuta, a tsaye a gona ina jin, don layukan sun karkace. Akwai shatin yatsa na jar ƙasa a gefe. Nuwamban bara. Sunan manomin a ƙasa. Duk wanda ya ga wannan ya ga nawa, fari fes ba kwanan wata, ba sai an yi masa bayani ba.

Na zare shi. Yana ƙasan akwatina, ƙarƙashin atamfofi.

Ba yaga shi na yi ba, in an lura. Ajiyewa kawai na yi har in yi tunani. Kuma Rhoda tana da ƙwaƙwalwa, za ta kare kanta ko ba kati, ni ce ba ni da abin faɗa. Kuma da ba ta sa shi a babin da ba nasa ba... Kuma Dokta da dokarsa. Kuma Baba.

Juma'a, 28 ga Afrilu

Na kai mata kwalin. Ta yi godiya, ta ba ni kunun gyaɗa.

Talata, 2 ga Mayu

Sau uku ta zazzage kwalin a kan gado, kati ɗaya-ɗaya. Ta tambaye ni ko wani ya faɗi a gidanmu. Na ce na duba ko'ina. Na ce ko ɓerayen ɗakinta ne suka ja shi tun kafin ta kawo mini.

Da bakina na faɗa, kuma muryata ba ta ko girgiza ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Litinin, 8 ga Mayu

Ranar Asabar ta je Garatu neman tsohon ya zo ya shaide ta. Ya tafi jinya wurin 'yarsa, ba a san ranar dawowarsa ba. Sauran manoman sun ce 'yan jami'a da yawa suna zuwa da takardu, ba za su iya cewa wace ce wace ba.

Yau mun zauna kujera ɗaya a bas daga Gidan Kwano. Tana ta kallon gonaki ta taga har muka yi nisa. Can ta juyo ta ce, "Raliya, ko dai a bakinki na ji wannan maganar tun da can? Tun rasuwar Baba kaina ba ya riƙe abu. Ina ganin katin a idona, amma yanzu ban sani ba ko mafarkinsa na yi." Ta ƙara da cewa, "In naki ne na ɗauka, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

Na ce mata ba komai.

Ta roƙe ni gafara, ni kuma na yafe mata. Na sauka tun kafin mu iso inda nake sauka, na ƙarasa da ƙafa, don ba zan iya ci gaba da zama kusa da ita ba. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake.

Talata, 9 ga Mayu

Na idar da sallar azahar ban san raka'a nawa na yi ba, na sake. Nna ta kawo tuwo ta dawo ta tarar da shi yadda ta ajiye. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ba zazzaɓi ba ne wannan. Wa kika yi wa laifi?" Na ce ba kowa. Ta ce to, ta ɗauki kwanonta.

Saura kwana biyu.

Laraba, 10 ga Mayu

Na je. Sau biyu ina kaiwa ƙofar ofishin ina wucewa kamar mai neman wani. Na uku na ƙwanƙwasa.

Na ajiye katunan biyu a kan teburinsa, nata da nawa. Ya karanta na fensir ɗin, ya juya bayansa, ya karanta nawa. Na fara bayani: yadda na kwafe babin gaba ɗaya, yadda ban sa sunanta ba, yadda na tsince shi daga baya ba lamba. Ya bar ni har na gama. Ya ce, "Wannan na gane, yana faruwa, shi ya sa nake hana kwafar katin wani. Amma Rhoda ta ce mini katinta ya ɓata. Yaya aka yi yana hannunki?"

Na faɗa masa. Akwati, atamfofi, ɓeraye, duka.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya sa katin Rhoda a ambulan ya rubuta sunanta, nawa kuma ya turo mini da ɗan yatsa ɗaya. Ya ce kwamiti zai zauna gobe yadda aka tsara, sai dai ni zan zauna a kujerar wadda ake tuhuma. Ya ce, "Ki tafi, Raliya." Na ce na gode, Malam, ban san na mene ne ba.

Alhamis, 11 ga Mayu

An wanke Rhoda. Ni an dakatar da ni shekara ɗaya, an soke takardata, in na dawo sabon batu zan ɗauka daga farko. Sun ce don na kawo kaina ne, in ba haka ba kora ce.

Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya a ɗakin.

Lahadi, 14 ga Mayu

Na gaya wa Baba. Ya saurara, ya ce Allah ya kyauta, ya shiga ɗaki. Yau bai fita hira ƙofar gida ba.

Litinin, 22 ga Mayu

Na je ɗakin Rhoda da hantsi. Tana zaune a ƙasa tana jera babi na biyar. Ta amsa gaisuwata, ta nuna mini kujera, ba ta daina jerawa ba. Duk hanya ina haɗa abin da zan faɗa, tiryan-tiryan, amma da na zauna abin da ya fito kawai shi ne, "Na cuce ki."

Ta ce, "Da kin ce kina son maganar, da na ba ki, mu sa sunanmu mu biyu. Ba wannan ne ya dame ni ba." Ta ɗaure katunan da roba ta ajiye. "Kwana goma sha biyu na yi ina zaton ni ce ɓarauniya. Na je coci na durƙusa na roƙi gafara a kan abin da ban yi ba. Kina zaune kusa da ni a bas kina ji."

Na ce haka ne.

Ta ce ta yafe, don babanta ya koya mata kada ta riƙe mutum, amma in ba ta lokaci, kada in riƙa zuwa tukuna. Ta raka ni bakin ƙofa, iya nan.

Na dawo gida na ɗauki biro in rubuta dalilina a nan, yadda na saba, don kullum ina da guda uku ko huɗu a shirye. Na daɗe a zaune. Yau ban samu ko ɗaya ba, kuma ban tashi nema ba.