Rakiya Har Bakin Ƙofa

Litinin, 6 ga Mayu

Yau ma na miƙa takardar firaktikal ɗin kemistiri babu amsa. Ba wai ban iya ba. Na fi duk 'yan bencinmu iyawa. Aikin bai wuce ki riƙa ɗiga ruwan magani daga doguwar kwalba zuwa cikin ƙarama ba, ɗigo-ɗigo, har ruwan ya fara komawa launin hoda, sai ki rufe famfon ki rubuta lambar da kika gani. Shi ke nan. Amma ni da launin ya fito sai in ce, anya bai yi yawa ba? In zubar in sake. Ya sake fitowa, in ce anya ya kai? In zubar. Har aka kaɗa ƙararrawa ina wankin kwalba.

Malamin kemistiri ya ja ni gefe. Ya ce jarrabawar ƙarshen wata ce damata ta ƙarshe. In na sake miƙa farar takarda, ajin kasuwanci za a mayar da ni, don akwai masu jiran kujerata a ajin kimiyya. Na ce to. Abin da bakina ya iya ke nan. Ni da tun firamare nake cewa haɗa magunguna zan karanta.

Ya tura ni wurin Malama mai ba da shawara, ita kuma ta ce in fara zuwa zaman Laraba. Zaman da 'yan aji suke kira taron masu kuka. Ni fa.

Laraba, 8 ga Mayu

Na je. A ɗakin bayan laburare ake yi, inda ake tara karyayyun kujeru, kowa ta laluba wadda ba za ta kayar da ita ba. Babu malami ko ɗaya. Wata 'yar ajin ƙarshe ce ke shugabanta, Siniya suke ce mata, tana magana a hankali kamar mai lallashin jariri.

Dokokinsu: ba a dariya, ba a fitar da magana, ba a ba da shawara. Ba a ba da shawara! To me ya tara mu? In mutum ta gama zuba damuwarta sai sauran su haɗa baki su ce, "Mun ji." Ko aku zai iya wannan.

Suna da wani abu kuma wai shi rakiya. In ɗaya tana da abin da take tsoro a makon, sai wata ta raka ta har bakin ƙofar, ta tsaya a waje har ta fito. Ba ta shiga, ba ta cewa komai, tsayuwa kawai. Kamar 'yan nazire.

Akwai wata da ta fara hawaye tun kafin ta buɗe baki, har aka tashi ban gane abin da ke damunta ba. Akwai kuma wadda suke kira Rediyo, 'yar ajin kasuwanci, ajin da ake so a jefa ni. Bakinta ba ya hutawa. Wai in an tashi makaranta shagon ɗinkin mamarta take wucewa, ta yi ta sa maɓalli da guga har bayanta ya ƙage, washegari ta yi ta gyangyaɗi a aji. Tana ba da labarin tana dariya, to ina damuwar?

Da aka zo kaina na kalli takalmina na ce, "Ba komai." Suka ce, "Mun ji."

Me kuka ji?

Alhamis, 9 ga Mayu

Na tuna "mun ji" ɗin nan a tsakiyar darasin lissafi, sai da na ji kunya a madadinsu.

Asabar, 11 ga Mayu

Ban gaya wa kowa a gida ba. Abba ya dawo da farar rigar lab sabuwa fil, ya ce tsohuwar ta yi mini kaɗan. Umma ta goge ta ta rataye a bayan ƙofar ɗakinmu. Duk na juya sai in gan ta, kamar wani ne tsaye yana jira in yi bayani.

Yaya ya same ni ina wanke kofi ɗaya ina sakewa, ya ce, "Ke ƙanwata, kofin nan laifin me ya yi miki?" Umma ta ce ya ƙyale ni, karatu ne ya yi mini yawa. Ta taɓa wuyana ta ce babu zazzaɓi. Na san babu. Da zazzaɓi ne ai da na san sunan maganinsa.

Ban iya cin abincin rana ba. Na zauna da littafi a buɗe, shafi ɗaya tun hantsi.

Laraba, 15 ga Mayu

Rediyo ta zo yau da sabon shiri. Malamin lissafinsu ya kama ta tana barci, ga aikin gida ba ta yi ba, ya ce ta same shi a ofishin malamai ranar Juma'a lokacin hutun tara. Ta ce rakiya take so.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ai abu ne mai sauƙi, ta tsara lokacinta, ta yi aikin gida kafin ta tafi shago, ta kuma daina zama a bencin baya. Gaskiya na faɗa, kuma da ladabi na faɗa. Siniya ta ce, "Ƙanwata, a nan ji kawai muke yi." Rediyo ta kwashe da dariya, ita da aka ce ba a dariya, ta ce, "Ku bar Farfesa ta yi lacca. Farfesa, kin taɓa sa maɓalli a rigunan 'yan makaranta guda har ki daina jin yatsunki?"

Ban taɓa ba. Amma wannan bai mai da shawarata ƙarya ba.

Da aka zo maganar mai rakiya, kowa da uzurinta. Siniya ta dube ni. Ni kuma ban iya cewa a'a ba, ban taɓa iyawa ba. Yanzu sunana Farfesa, kuma ni ce 'yar rakiyar Rediyo. Madalla.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na raka ta. Tun daga ajinsu take zuba, labarin wata mata da ta kawo yadi ɗan mitsitsi tana son riga har ƙasa. Muna isa barandar ofis sai ta yi shiru kamar an ɗauke wuta. Ta kama hannuna, tafinta sanyi ƙalau, jiƙe da gumi. Ta ce, "Kina nan ko?" Na ɗaga kai. Ta shiga.

Na tsaya. Malamai suna wucewa suna kallona kamar ni ce mai laifin. Wata ma ta tambaye ni me na yi. Sai aka kaɗa ƙararrawar komawa aji, mu kuma bayoloji muke da shi, sabon babi. Na ƙara jira kaɗan. Ba ta fito ba. Na tafi.

Ina da hujja. Ni aka ce za a kora daga aji, ba ita ba. Tsayuwata a baranda ba za ta rage mata faɗa ko kalma ɗaya ba. Duk mai hankali abin da zai yi ke nan.

Ban fahimci komai a bayolojin ba, amma wannan laifin malamar ne, sauri take yi.

Litinin, 20 ga Mayu

Mun haɗu da Rediyo a bakin famfo. Ta sha ruwanta ta wuce. Kunnena ya huta.

Laraba, 22 ga Mayu

Da na san abin da za a yi da ban je ba. Rediyo ta ba da labarin Juma'a, yau babu dariya. Malamin ya tsayar da ita a tsakiyar ofis ya yi mata tatas a gaban kowa, har ya ce ta koma shago tunda can ta fi amfani. Ta ce duk wannan ta shanye, don tana cewa a ranta akwai mutum a waje. "Na fito, na duba dama na duba hagu, bokitin mai shara kawai na tarar."

Ba ta kira sunana ba. Da ma ta kira, da na kare kaina, don na shirya amsa tun Asabar. Suka ce, "Mun ji." Mai hawayen nan ta yi abin da ta saba. Ba wadda ta kalle ni, kuma da gangan suka ƙi kallona, na sani. Wannan wace irin mugunta ce, a hana mutum ko damar bayani?

Litinin, 27 ga Mayu

Gwajin share fage. Na zubar, na zubar, na zubar. Malam bai yi faɗa ba, ya karɓi takardar ya juya bayanta ko na rubuta a can. Jarrabawar kuma ranar Alhamis ce. Na leƙa ajin kasuwanci da zan wuce. Akwai kujera babu kowa kusa da taga.

Laraba, 29 ga Mayu

Na yi magana. Ba don sun cancanta ba, don dai na gaji da riƙewa. Na gaya musu zancen launin hoda, da yadda wata murya take ce mini ba daidai ba ne, sake. Na ce ba a lab kaɗai ba ne, ko gaisuwa na yi wa mutum sai in wuni ina juya ta, ko na yi da kyau. Na ce gobe ce jarrabawar, kuma a gida ba wanda ya sani.

Na jira wata ta ce ai ki rubuta kawai mana. Na riga na tanadi raini na musamman ga duk wadda za ta faɗa. Ba wadda ta faɗa. Suka ce, "Mun ji." Har da Rediyo, ƙasa-ƙasa, tana cire zare a jikin siket ɗinta.

Siniya ta ce jarrabawar a lokacin darasi take, don haka rakiya ba za ta yiwu ba, kowa tana aji. Na ce dama ban nema ba.

Alhamis, 30 ga Mayu

Na fito daga aji zan tafi lab, sai ga Rediyo jingine da bango. Ta ce, "Farfesa, mu je. Kar ki ɗauka na huce, ban huce ba." Na ce ai kina da darasi. Ta ce, "Lissafi ne. Ya ce na fi amfani a waje."

Ta raka ni har ƙofar lab.

Bencina yana kallon taga. Ina hango ta a kan matakala, rana ta faɗo daidai wurin, babu inuwa ko ta tafin hannu. Malamin ladabtarwa ya zo ya tsaya a kanta yana nuna mata hanyar aji da sanda. Ta miƙe, ta sunkuyar da kai, ba ta tafi ba. Ya rubuta wani abu ya wuce. Ta koma ta zauna.

Launin ya fito. Muryar ta ce bai yi ba, zubar. Har na ɗaga kwalbar na nufi wurin zubarwa. Sai na ce a raina, in na sake daga farko, sakaryar nan za ta ƙara daɗewa a rana, kuma ba za ta tashi ba, taurin kai gare ta kamar jaki. Haushinta ne ya sa na ajiye kwalbar na duba lambar na rubuta. Rubutun ya karkace, na bar shi a haka. Na yi na biyu da na uku yadda aka ce, na rubuta kowanne. Na miƙa kafin ƙararrawa. Malam ya kalli takardar, ya kalle ni.

Da na fito ta ce, "Kin zubar?" Na ce a'a. Ta ce, "To ja ni in tashi, ƙafata ta mutu." Daga nan ta dasa labarin wani mai gadi da ya kawo wando a rage masa tsawo, har bakin ajinmu. Labarin ko ma'ana babu.

Juma'a, 31 ga Mayu

Malam ya ce launina ya ɗan wuce, ya rage mini maki, amma kujerata tana nan. Na gaya wa Umma komai da na dawo, tana yanka albasa, idonta ya cika da ƙwalla, ta ce albasar ce.

Rediyo kuwa an yanke mata sharar doguwar baranda bayan an tashi, har mako mai zuwa, saboda gudun aji. Ita ta jawo wa kanta, ba wanda ya aike ta. Na biyo ta wurin ne kawai don hanyar ta fi kusa da get. Yadda take sharar ne ya ba ni takaici, tana tura ƙura daga wannan lungu zuwa wancan tana surutu, ko kusurwa ba ta shiga. Mutum ba zai iya tsayawa yana kallon wannan ɓarna ba. Na ajiye jakata na karɓi abin kwashewa.

Ta ce, "Farfesa, Litinin ma akwai shara." Na ce na sani, ai ba kurma ba ce ni.