Jita Biyu a Kaset Ɗaya

Adjamé, 4 ga Mayu, 1998

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen Kano. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi 'ya'yanki maza. Suna nan yadda kika bar su, shekara biyu ko sallama babu, duk a kan waƙa ɗaya da suka tsara tare. Yaya Jabiru ya ce kiɗan rok gudu ne da ƙara, jitarsa kamar an kifar da kwandon kwanoni. Yaya Lukumanu kuwa sai ya ja tsirkiya ɗaya ta yi ta kuka har shayi ya huce. Kowa ya ɗauki waƙar da salonsa, ya kawo shagona na Bromakoté in buga masa kaset, a ranaku daban don kada su haɗu.

To ga ɓarnar da na yi. Ashe na'urata ta daina goge tsohon sauti, sai na ɗora na Jabiru a kan na Lukumanu. Da na kunna, wallahi kasa tashi na yi. Ɗaya na gudu a ƙasa, ɗaya na shawagi a samansa. Ji na yi kamar ina cikin jirgin ruwan Treichville da safe, ruwa ya kwanta luf, dogayen benaye na lilo a cikinsa. Har na ga yayyen nawa suna yara a tabarma ɗaya.

Wani direban gbaka, motar hayar nan garin, ya ji, ya nace, na ba shi. Yanzu rabin motocin hayar Adjamé shi suke kunnawa. Tsoro nake ji, Inna. In suka ji, ni ma za su yanke ni, kuma ni kaɗai na rage a tsakaninsu.

Taki,
Bushira

Adjamé, 19 ga Yuni, 1998

Innata,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, zauna tukuna kafin ki karanta.

Samarin Treichville sun fara kwaikwayon kiɗan, jita biyu, mai gudu da mai jan rai. A wurinsu Lukumanu ya ji, Jabiru kuma a mota. Shekaranjiya da hantsi suka faɗo shagona kusan a tare, kowa fuska a murtuke. Sai kawai na danna kaset ɗin.

Ba wanda ya gusa har ya ƙare. Jabiru ya rufe ido, yatsun Lukumanu na motsi a kan cinyarsa. Can Lukumanu ya ce, ba tare da ya kalli Jabiru ba, "Ka yi sauri a baiti na biyu."

Jabiru ya ce, "Kai ne ka makara."

Na juya baya na yi kukana a cikin kwalayen kaset, ba wanda ya ma lura da ni.

Tun ranar suke musu a tsakar gida, kowa da jitarsa a cinya, maƙwabta har sun kawo ƙara. Don Allah, Inna, kada ki yi addu'ar su daina.

A gaishe mini da kowa.

'Yarki,
Bushira